Harsashin da Ya Gaji

Dokin Mederbek ne ya fara isowa gida da asuba, sirdi a karkace, jini ya bushe a gefen wuyansa, tumaki na biye a warwatse ba mai kora. Kafin hantsi aka sami mai dokin kwance a bakin rafi, ƙasa kaɗan da garken Kalibek, da raunin harsashi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa. Ya kwana a wurin, ya riga ya sandare.

Ƙauyenmu na Ak-Koro ba ya ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Tun kafin a gama kafa tantin makoki kowace tsohuwa ta san wanda ya yi kisan. Kalibek da Mederbek sun shafe bazara suna rigima a kan wani marmaro da ke tsakanin makiyayarsu, har sun taɓa cin kwalar juna a wurin biki. An ga Kalibek ranar da bindiga a kafaɗa. Ga gawa kuma kusan a ƙofar garkensa. 'Yan sanda suka zo daga Narin, suka karɓi harsashin da malamin asibitinmu ya ciro, suka ce in an gama duba shi a gari za su dawo su tafi da wanda za su tafi da shi. Dattawa suka kulle Kalibek a ɗakin gawayin makaranta, wai don a kare shi, saboda 'yan uwan mamaci sun fara wasa wuƙa ba tare da sun ɓoye ba.

Abin da ya ƙara rura wutar shi ne irin harsashin. Mai sulke ne, irin na soja, wanda aka lulluɓe da ƙarfe tun daga gindi har tsini. A ƙauyenmu ambaton mai sulke kaɗai ya isa ya ɓata zaman shayi. Tun da muka kafa ƙungiyar da ke tsare teke, bunsurun dutsenmu mai dogon ƙaho, muke wannan gardama. Tsofaffin mafarauta sun ce mai sulke ba ya ɓarnar nama, ƙaramin rami yake yi ya wuce, fata ta fita lafiya. Matasa suka ce wucewar ita ce masifar, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a inda hankaki kaɗai za su amfana. Su mai bakin dalma suke so, wanda ke buɗewa a cikin jiki ya tsaya, dabba ta faɗi a inda take. Tsofaffi su ce to, ta faɗi, amma kafaɗa guda ta zama dambu. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har matasa suka fi yawan hannu a wurin taro aka haramta mai sulke. Kowa ya miƙa nasa da fuskar mutumin kirki, kowa kuma ya rage kaɗan a ƙarƙashin katifa.

Jagoran tsofaffi a gardamar shi ne aksakal Shergazi, wato dattijo mai farin gemu, uban Mederbek, wanda babu maharbin da ya kama ƙafarsa a kwarin nan kafin yanar ido ta fara rufe masa gani ya rataye bindiga. Jagoran matasa kuwa Sagin ne, shugaban masu gadin dawa, mutumin da in ya fara magana sai shayi ya huce.

Ni dai, Satkin, ban taɓa harbin komai ba sai kwalba, ita ma na kuskure. Abin da ya tsunduma ni cikin maganar shi ne Turdakun. Shekara guda aka haife mu, don haka kurdash ɗina ne, ina da lasisin zaginsa har kabari, shi ma haka. Mai bin sawu ne, siriri, mara magana, idonsa kullum a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ya zo aron dokina saboda goɗiyarsa na ɗingishi, na ce ba zan ba wa mutumin da ba ya kallon gabansa doki ba sai in ina biye.

Na tambaye shi me zai nema tunda kowa ya san wanda ya yi. Ya ce ya riƙe harsashin a hannunsa kafin 'yan sanda su karɓa, kuma ya ga raunin.

"Tsininsa lafiya lau, ko ƙarcewa babu. Raunin kuma dogo ne kamar bakin asusu. Satkin, in ka harbi mutum da mai sulke daga garke zuwa rafi, ratsa shi zai yi ya shiga dutse. Wannan a kwance ya shiga, kuma ya tsaya a ciki. Ya gaji kafin ya iso."

Na ce harsashi ba jaki ba ne da zai gaji. Ya ce ni dai in ɗaura sirdi.

Da Kalibek muka fara. Mun same shi zaune a kan buhu, fuska baƙi ƙirin da ƙurar gawayi, bakinsa kuwa yana nan da kaifinsa. Da farko ya ce maraƙinsa ne ya ɓata ya fita nema. Turdakun ya tambaye shi ko da bindiga ake kiran maraƙi. Ya zagi uban wanda ya gina ɗakin, sannan ya ce kyarkeci ya fita nema, wanda ya kashe masa tunkiya biyu. Ya amsa cewa yana da mai sulke a gida, domin fatar kyarkecin da mai bakin dalma ya fasa ko kyauta ba a karɓa. Amma ya ce ranar bai harba ko ɗaya ba.

"Ba zan yi maka ƙarya in ce ina kukan Mederbek ba," in ji shi. "Ɓarawon ruwa ne. Amma yarana na gida, ɗan'uwa. Wa zai kashe mutum ya bar shi a ƙofar garkensa? Ko ni ban kai nan a wauta ba."

 Turdakun ya tambaye shi kawai ko ya ji ƙarar bindiga ranar. Ya ce ya ji guda ɗaya, da hantsi, daga can sama, duwatsu suka yi ta miƙa wa juna har bai san daga ina ta taso ba. Da muka fito na ce wa Turdakun mutumin nan da ƙarya ya fara, kuma ni ban ga dalilin da zai sa a yarda da sauran ba. A lokacin har cikin zuciyata na ɗauka shi ne.

Sagin muka samu a ƙofar ofishinsa, yana ƙoƙarin sa fuskar makoki amma ta ƙi zama. Abin nema ya samu. Ya ce ga irin abin da ya daɗe yana faɗa, ga abin da mai sulke ke jawowa, kuma da zarar an gama zaman makoki zai bi gida-gida ya ɗaga katifu. Turdakun ya tuna masa cewa shi ma ya yi cacar baki da Mederbek a kan shigar da tumaki Kichi-Sai, kwarin da aka keɓe wa teke. Sannan ya tambaye shi inda yake ranar. Sagin ya fara gyaran hula, ya ce yana zagaye, da aka ce wane gefe sai ya ce gefuna da dama. Wannan amsa ba ta yi mini ba ko kaɗan, na yi ta tauna ta a kan doki har na gina masa laifi cikakke. Turdakun ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce Sagin a ƙauyen maƙwabta ya yini yana kallon wasan dawaki a lokacin aiki, kowa ya sani ban da ni. Ya ƙara da cewa ko Sagin zai kashe mutum, ba zai yi da mai sulke ba, kunyar a ciro shi a gani za ta hana shi.

Kafin mu hau sama muka tsaya a tantin makoki, domin ba yadda za a yi Turdakun ya bi sawun jinin gidan Shergazi bai nemi izini ba. A hannun tsohon ya koyi aikin tun yana yaro. Mun same shi zaune a miƙe, gemu fari fat, idanunsa masu yana suna kallon ƙofa. Bai yi kuka a gaban kowa ba tun da aka kawo gawar, kuma wannan ya fi kukan tsoratar da ni.

"Ka je," ya ce wa Turdakun. "Ni na buɗe maka ido, yau ka ara mini shi. Ka kawo mini abin da ko alƙali ba zai musa ba. In kuwa suka sake shi, da lalube zan nemo shi in harbe."

A bakin rafi babu abin gani, rabin ƙauye sun tattake wurin. Turdakun ya bar ni da dawakai ya yi ta zagaye yana faɗaɗa da'ira, har na fara jin yunwa. Can sai ya ɗaga mini hannu. Ya sami sawun dokin Mederbek yana gangarowa daga sama, a hankali, kamar dokin da ba a riƙe masa linzami, da ɗigon jini a kan duwatsu ta gefen hagu. Ashe ba a nan aka harbe shi ba. Da rauninsa ya hau doki ya nufo gida, a nan ƙarfinsa ya ƙare ya faɗo.

Muka bi jinin baya-baya. Ya wuce garken Kalibek bai ko kalle shi ba, ya haura, ya bar hanyar makiyaya, ya shiga Kichi-Sai. A nan na gane abin da ya sa ba wanda ya san inda Mederbek ya yi kiwo ranar. A gida ya ce gangaren rafi zai bi, amma ya saci hanya ya kai tumakinsa ciyawar da aka hana. Sanyi ya daskarar da laka ya adana mana komai. Muka sami dutsen da ya zauna ya jingina, ga guntun sigarinsa, ga inda ya faɗi gefe, ga inda ya ja jiki zuwa wurin doki. Na ji tausayinsa ya kama ni a wurin, mutum shi kaɗai a cikin kwari ba wanda zai kira.

Duk faɗin kwarin babu sawun wani ɗan Adam sai nasa. Na ce to daga nesa Kalibek ya harbo shi. A karo na farko a ranar Turdakun ya ɗaga kai sama. Hankaki ne ke shawagi a bayan doron dutsen da ya raba Kichi-Sai da babban kwari.

Hawan nan ba zan yafe wa Turdakun shi ba. Ni mai tumbi ne, tarakta na tuƙa duk rayuwata, shi kuwa yana tafiya kamar akuya yana waiwayowa yana tambayata ko in aiko mini da amalanke. A kan doron, daidai inda dutse ya haɗu da sama, ya tsuguna ya nuna mini inda kofaton teke ya kafta ƙasa da ƙarfi, ga gashi a yanke a gefe biyu, ga jini. Daga inda nake tsaye na juya na kalli ƙasa. Dutsen da Mederbek ya jingina yana can daidai saitinmu, ƙarami kamar kwanon shayi.

Teken ya juya ta ɗaya gefen, ta babban kwari. Muka bi shi har wani tsagin dutse, a nan muka same shi, tsoho mai ƙaho kamar bakan gizo, hankaki sun gama da cikinsa. A bayan kafaɗarsa akwai ƙaramin rami, a ɗaya gefen ma wani daidai shi. Turdakun ya zare wuƙa ya yanke fatar wuraren biyu ya cusa a aljihu.

"Ga inda ya gaji," ya ce. "Harsashi ɗaya ne, Satkin. Wanda ya harba bai ma san akwai mutum a bayan dutsen ba."

Na ji wani sauƙi, na ce to ai magana ta ƙare, ɓarawon farauta ne, saura mu san ko wane ne. Turdakun ya riga ya yi gaba yana duba gangaren. Sawun maharbin bai yi wuyar samu ba. Ya ɗaure doki can ƙasa, ya kwanta a bayan wani faffaɗan dutse ya harba, ya tsince kwanson harsashin, sannan ya hauro da sanda yana bin jini. Bai kai doron ba, domin teken ta gefensa ya gudo. Amma tafiyar tasa ce ta ba ni mamaki. Taku kaɗan sai ka ga shatin gwiwa biyu da tafin hannu a laka. Taku kaɗan kuma, gwiwa biyu da tafin hannu. Jinin kuwa ga shi ɓaro-ɓaro a kan duwatsu, ni da ba na bambance sawun kare da na tunkiya ina ganinsa a tsaye.

Na ce wannan wane irin maharbi ne, salla yake yi a hanya?

Turdakun bai yi dariya ba. Ya nuna mini inda jinin ya karkata zuwa tsagin dutsen, mai sandar kuma ya wuce kai tsaye ya gangara wajen ruwa, inda duk wanda ya san farauta ya san dabba mai rauni ke nufa. Mutum ne da kansa ya san komai, idonsa ne ba ya gani sai ya kai hanci ƙasa. Sai ya zauna a kan dutse ya cire hula. Ni ma da abin ya iso mini sai na zauna kusa da shi.

Da ya yi magana, a hankali ya yi. Ya ce abu na farko da Shergazi ya koya masa, tun kafin ya bar shi ya taɓa bindiga, shi ne ba a harbin dabbar da ke tsaye a kan doro, domin ba ka san abin da ke bayanta ba. Ya taɓa marinsa a kan haka. Amma mai yana a ido ba ya ganin teke a jikin dutse, launinsu ɗaya. Wuri guda ne kaɗai zai iya ganinsa, in ya tsaya baƙi a gaban hasken sama.

Gajimare ya fara taruwa ta arewa, mai nauyi, irin wanda ke kawo dusar ƙanƙara. Na nuna masa na ce zuwa gobe babu gwiwa babu tafin hannu. Na ce mu koma mu ce baƙon maharbi ne daga wani wuri, ga fata shaida, a saki Kalibek, tsoho ya mutu da sauran mutuncinsa. Ba na jin kunyar na faɗi haka, ko yau zan sake faɗa. Turdakun ya ce baƙon da ba shi da suna ba ya fitar da kowa daga ɗakin gawayi. Za a ɗaga katifar Kalibek a sami mai sulke, 'yan sanda su tafi da shi. In ma sun sake shi, 'yan uwan Mederbek za su jira shi a hanya, bana ko baɗi. Ya ce abin da ya rage masa bai gane ba shi ne dalili. Mutumin da ya rataye bindiga, gidansa cike da nama, me zai kai shi hawan dutse da rarrafe?

Amsar tana bayan labule. Burul, matar Mederbek, tana zaune inda mai takaba ke zama, da ciki ya fara fitowa. Matata ce ta shigar da mu ta baya washegari, bayan an dawo daga maƙabarta, mutane na can wajen cin naman dokin da aka yanka. Turdakun ya yi mata ta'aziyya, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaye ta ko kowa na gida ranar. Ta ce kowa, ban da mijinta. Sai kuma ta ce da Ata, domin ba ta kama sunan surukinta ko da wasa. Ya fita da sassafe a kan doki, ya ce zai gaida wani aboki.

Ba mu tambaye ta sauran ba, ita ta faɗa, cikin muryar wadda ke tuna alherin da aka yi mata. Ta ce tun da cikin ya kama take kwaɗayin naman teke, komai ta ci sai ya dawo. A wurinmu kwaɗayin mai ciki ba abin wasa ba ne, in ba a biya shi ba ana cewa yaro zai fito da rauni. Ta gaya wa mijinta ya ce an hana, ta yi haƙuri. Ashe Ata ya ji.

"Da yamma ya dawo hannu wofi, gwiwoyin wandonsa duk sun yage," ta ce. "Na karɓa zan ɗinke, ya ce, 'ɗiyata, ki ƙara mini kwana ɗaya.' Shi kaɗai ne ya damu da ni a kan maganar."

Na kalli Turdakun, shi kuma ya kalli ƙasa kamar kullum. Ba ta haɗa komai da komai ba, mu ma ba mu haɗa mata ba.

Niyyar Turdakun ita ce ya sami tsohon shi kaɗai. Bai samu ba. Muna zagayowa ta gaba muka tarar 'yan uwan mamaci sun fasa ɗakin gawayi sun jawo Kalibek, hannu a ɗaure, sun durƙusar da shi a tsakiyar tanti gaban Shergazi. Sun ajiye burodi a gabansa ya dafa ya rantse, ga dattawa zagaye, ga Sagin a bakin ƙofa, ga mata sun yi cirko-cirko a waje. Kalibek ya riga ya rantse, ba wanda ya yarda. Wani daga cikin samarin ya ce mai kashe mutum ba zai ji tsoron burodi ba.

Turdakun ya ratsa ya durƙusa kusa da tsohon, ya roƙe shi su keɓe su yi magana biyu.

"Abin da ka gani, faɗe shi a gaban kowa," in ji Shergazi. "Ban koya maka raɗa ba."

Sai ya faɗa. Bai ɗaga murya ba, bai kama sunan kowa ba. Ya ce ba a bakin rafi aka harbi Mederbek ba, a Kichi-Sai yake zaune da tumakinsa. Ya ce babu sawun kowa a kwarin. Ya ce harsashin ya ratsa wani abu mai taushi kafin ya same shi, ya fito da fatar nan biyu ya ajiye kusa da burodin. Sagin ya buɗe baki zai fara wa'azinsa a kan mai sulke, Turdakun ya juya ya ce masa in ya ƙara kalma ɗaya a yau zai gaya wa taro inda ya yini ranar. Sagin ya haɗiye sauran.

Samarin suka fara hayaniya suna tambayar wane ne maharbin. Tsohon ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ina kallon fuskarsa. Har yau ban sani ba ko wani lungu na zuciyarsa ya riga ya sani, shi ya sa ya fi kowa ƙishin jinin Kalibek. Allah kaɗai ya san wannan. Abin da na gani shi ne ya fara tambaya irin ta maharbi, ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na raguwa.

"Wane doro?"

"Wanda ya raba Kichi-Sai da babban kwari, aksakal. Sama da faffaɗan dutse."

"Yaron ya ce mini gangaren rafi zai bi."

"Haka ya ce wa kowa."

Tsohon ya miƙa hannu yana laluben ƙasa, ya taɓa burodin, ya wuce shi, ya sami fatar. Ya shafa gashin, ya zura ɗan yatsa a ramin farko, ya zura a na biyu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya fara salati a hankali. Samarin da ke riƙe da Kalibek suka sassauta hannu ba tare da an ce musu ba, ɗaya bayan ɗaya suna kallon juna.

"Ku kwance shi," in ji Shergazi. "Kalibek, ka tafi wajen yaranka. Na ci mutuncinka a gaban mutane, a gabansu nake neman gafararka. In 'yan sanda sun zo, a kawo su nan. Bindigar tana cikin rufin bargar dawaki."

Kalibek, mai bakin da ba ya rufuwa, ya tashi yana murza wuyan hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya fita, mutane suka dare masa hanya.

Ba wanda ya motsa bayan haka. Tsohon yana riƙe da fatar a cinyarsa, ya juya fuska wajen Turdakun.

"Ya yi nisa kafin ya faɗi?"

"Bai yi ba, aksakal. A tsagin dutse yake. Ka wuce shi da kamar tsawon igiyar doki."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Daga bayan labule aka ji wani sauti ƙarami, kamar wadda ta toshe bakinta da mayafi. Tsohon ya ji, domin kunnensa bai taɓa samun matsala ba. Ya juya wajen labulen, a nan ne muryarsa ta karye.

"Ɗiyata," ya ce, "ko naman ban kawo miki ba."